Oluoma da Ƙofar Marigayi

Duk lokacin da na ji wani ya buɗe baki yana cewa Oluoma Obi ba ta san darajar mamaci ba, sai in ji jinina ya hau. Na sha cacar baki a kan maganar nan, a gidan suna, a cikin keke napep, har a ɗakin malamai na makarantar da nake koyarwa a Samaru, inda shugabarmu ta taɓa jan hannuna gefe ta ce in rage murya, yara na ji. Ban rage ba. Oluoma ƙawata ce tun muna yawo ba takalmi a Muchia, kuma ina ji ina gani aka raba ta da aikin da ta ƙarar da ƙuruciyarta tana ginawa. Bari in faɗi yadda aka yi, wanda zai ji haushi ya ji.

Katanga ɗaya ce tsakanin gidanmu da nasu. Mahaifinta, Baba Obi, Ibo ne da ya zo Zariya yana saurayi, ya buɗe shagon gyaran rediyo da talabijin a Sabon Gari, can wajen Chikaji. A nan aka haife ta, a nan aka yanke mata cibiya. Innata ta kasa faɗin sunan cikakke, sai ta mayar da shi Luma, unguwa duka ta ɗauka. Ranar Lahadi ta tafi coci, ranar Sallah kuwa ta riga ni isa gaban tukunyar innata. Hausarta, idan tana bayan labule tana magana, babu mai cewa ba Bazazzagiya ba ce. Ina faɗin wannan ne saboda akwai ranar da aka kalle ta aka ce da ita baƙuwa.

Tun tana ƙarama tana da wani hali mai gajiyar da mutum. Idan mun fita wasa sai ta koma ta taɓa ƙyauren gida ta tabbatar a rufe yake, ko da ita ta rufe shi da hannunta. A shagon babanta, maimakon ta tsaya kallon fim a talabijin ɗin da aka gyara kamar sauranmu, sai ta zagaya baya tana leƙen wayoyi, tana tambayar me zai faru idan ɓera ya ci wannan, me zai faru idan ruwa ya zuba a wancan. Baba Obi yakan ce wannan yarinya tun ba a kunna murhu ba take tunanin gobara. Mun yi ta yi mata dariya, ashe abincinta ke nan.

Tare muka shiga jami'a, muka kama ɗaki ɗaya a Samaru, bayan kasuwa, ɗakin da idan an yi ruwa sai mun ɗaga katifa mun jingine ta da bango. Ni na karanta koyarwa, ita kwamfuta. Da safe tana aji, da yamma tana wani kafe na intanet tana buga wa ɗalibai aikinsu, kuma a can ta fara ganin irin sakacin da mutane ke yi da sirrinsu. Babban mutum da furfurarsa zai zo ya buɗe saƙonninsa, ya karanta, ya tashi ya yi tafiyarsa ya bar komai a buɗe. Sai ta bi shi da gudu har bakin titi ta dawo da shi ya rufe. Wasu su gode mata, wasu su ce tana da shisshigi.

Bayan bautar ƙasa ta samu aiki a wata hukumar gwamnati mai ofis a Zariya. Ba zan ambaci sunan hukumar ba. Aikinta dai shi ne raba wa manoma filayen noman rani a gefen dam, da ajiye bayanin wane ne ke da wane fili. Da can a fayil ake ajiyewa gara na ci, daga baya aka zuba komai a kwamfuta. Kowane ma'aikaci aka ba shi ƙofarsa ta shiga, wato sunansa da lambar sirrin da shi kaɗai ya kamata ya sani. Duk abin da aka yi ta ƙofar mutum, na'ura za ta rubuta cewa shi ya yi, da ranar da ya yi. Ƙofar Darakta ta fi ta kowa girma, don ita kaɗai ke iya cire fili daga sunan wani manomi ta mayar da shi sunan wani.

Luma daga ƙasa ta fara, tana rarrafe ƙarƙashin teburori tana jona wayoyi da siket ɗinta na zuwa coci. Ta yi ta karatu tana zana jarrabawar ƙwarewa, wata ta faɗi ta sake, har ta kai ga zama shugabar sashen tsaron na'urori da bayanai. Na taɓa tambayarta ta bayyana mini aikin nan da Hausar da innata za ta gane. Ta ce ita dai ana biyanta ne ta zauna ta hango ta inda ɓarawo zai shigo tun bai shigo ba, ta gaya wa shugabanni wace ɓarna ce za a iya jurewa, wace ce idan ta auku an shiga uku, sannan ta toshe manyan ramukan kafin ƙanana. Aiki ne da ba ya jawo wa mutum farin jini. Idan ka yi shi da kyau babu abin da zai faru, sai a ce ba ka yin komai. Ta hana cusa kowane irin filashi na kwasar bayanai a kwamfutar ofis, ta bi tebur tebur tana ɓare 'yan takardun da mutane suka rubuta lambar sirrinsu suka manna a jikin allo. A bayan idonta suka sa mata suna Madam Kulle, ta ji, ta ce sunan ya yi mata.

Wanda ya tsaya mata a duk wannan shi ne Darakta, Alhaji Umaru. Dattijo ne ɗan cikin gari, mai sanyin magana, wanda har masinja yake tambaya ya mai jiki a gida. Lokacin da za a ba ta shugabancin sashe an yi ta ƙananan maganganu, ana cewa ga 'ya'yan gida me ya sa za a tsallake su. Alhaji ya ce shi mai kulle masa ƙofa yake nema, ba suruka ba. Shi ya tura ta kwasa-kwasai Abuja, shi ya zo zaman makokin Baba Obi da ya rasu, ya zauna a kan bencin coci da babbar rigarsa har aka tashi. A ofis tana ce masa Yallaɓai, a waje tana ce masa Baba, shi kuma 'yata yake ce mata ko a gaban wa.

Amma Allah ya ji ƙansa, Alhaji yana da aibinsa, kuma ba zan ɓoye don ya mutu ba. Mutum ne da yake ganin ɓoye wa na ƙasa da kai lambar sirri kamar ce masa ɓarawo ne. Sakatariyarsa Rhoda ta san lambarsa. Mataimakinsa Malam Suhail ya san ta. Luma ta sha shiga ofis ɗinsa ta rufe ƙofa ta yi masa faɗa kamar ita ta haife shi, ya yi dariya ya canza, kafin mako ya zagayo ya sake rabawa. Ta ƙara wa ƙofar tasa sakata ta biyu, wata lamba da ake turowa a waya duk lokacin da za a shiga. Da ciwo ya kwantar da shi, sai ya aiko da wayar ofis aka ajiye a aljihun teburin Rhoda, wai kada aiki ya tsaya saboda shi.

Ciwon bai tashi ba. Ranar da ya rasu ni na raka ta gidan, na ara mata mayafina. Ban taɓa ganin Luma ta yi kuka irin na ranar ba, ko a mutuwar mahaifinta ta fi haka dauriya. Ta durƙusa gaban matarsa, Hajiya Naila, sai Hajiyar ce ta dafa kanta tana ba ta haƙuri. Luma ta yi ta zirga-zirga da mu a gidan, tana ɗebo ruwa, tana wanke kwanuka, wanda bai sani ba sai ya ɗauka 'yar gidan ce.

Ranar sadakar uku, bayan an shafa addu'a, ta hango Malam Suhail a ƙofar gida inda aka jera bencina. Shi ne yanzu ke riƙe da hukumar. Ina tsaye kusa, da kunnena na ji. Ta matsa ta gaishe shi, ta yi ƙasa da murya ta ce, "Yallaɓai, ƙofan Baba na na'ura har yanzu a buɗe yake, kuma mutane da yawa sun san lamban. Ka ba ni izini in rufe yau."

Da ya amsa mata a yadda ta yi magana, da babu wanda ya ji. Sai ya ja da baya, ya ɗaga murya yadda na kan benci za su juyo.

"Madam, ƙasan kabarinsa ko bushewa bai yi ba, ke har kin fara maganan goge sunansa? Mu a nan ba haka muke yi ba. Babu mai taɓa komai na Alhaji sai an yi arba'in."

Wani daga cikin na zaune ya ce ai ba laifinta ba ne, baƙo bai san al'adar gari ba. Kafin mu gama tattara kwanuka maganar ta shiga cikin gida, kuma ta shiga ne da sabuwar riga: wai 'yar Ibon nan da Alhaji ya ɗaga ta zo har gidan makoki tana neman a goge sunansa daga ofis. Da muka je sallama, Hajiya Naila ta juya fuska bango.

Al'adar gaskiya ce, ban ce ƙarya ba ce. A ofisoshinmu idan babba ya rasu ba a cire sunansa daga jikin ƙofa, ba a zama kujerarsa, ko kofin shayinsa ba a ɗagawa sai an yi addu'ar arba'in. Ni ma na taso ina ganin haka, kuma ina ganin kyawunsa. Amma kujera ba ta sa hannu a takarda. Kofin shayi ba ya ƙwace gonar mutum. Abin da Luma ta ce a rufe ba hoton Alhaji ba ne, makullin rumbun jama'a ne da ke yawo a hannun mutane, mai shi kuma yana kabari ba zai iya cewa ba ni ba ne. Mutanen nan da digirorinsu sun fi ni sanin haka.

Kuma ba girmama mamaci ne kaɗai ya hana su ba, kada wani ya raina mana hankali. Takardar tabbatar da Malam Suhail a matsayin Darakta ba ta iso daga sama ba, irin takardun nan kuwa kowa ya san tafiyar hawainiya suke yi. Kafin ta iso ba shi da ikon sa hannu a kan fili ko ɗaya. To maimakon a rubuta a nemi izinin wucin gadi, a jira, sai aka ga ai ga ƙofar Alhaji nan a buɗe, ga waya a aljihun tebur. Aiki ya ci gaba kamar ba a yi mutuwa ba. Kullum na'ura na rubuta cewa Alhaji Umaru ya shigo da safe, Alhaji Umaru ya amince da kaza, alhali iyalansa na can suna karɓar gaisuwa.

Ga inda abin ya fi ci mini rai. Luma ba ta buƙatar hannun kowa kafin ta rufe ƙofar nan. Da yatsunta za ta yi, kafin ruwan shayi ya tafasa ta gama, kuma dokar aikinta ta ba ta dama. Ta zo gidana a Samaru da yamma bayan an tashi aiki, ta zauna a kan tabarma ko mayafina da ta zo mayarwa ba ta ajiye ba. Na ce mata ta je ta rufe, duk wanda zai mutu don haushi ya mutu. Na ce idan ba za ta rufe ba, to ta rubuta a takarda cewa ta nema an hana ta. Ta girgiza kai.

"Barakatu, baƙuwa fa aka ce da ni. A ƙofan gidan Baba. Idan na rufe, ko na kai takarda ana cikin makoki, na tabbatar musu ke nan. Zan jira arba'in ɗin, in sa ido."

Wannan ne kuskurenta, kuma ita da kanta ba ta taɓa musun haka ba. Matar da ta yi shekaru tana koya wa mutane cewa kada kunya ta sa su miƙa makullinsu, ita ce kunya ta ɗaure wa hannu. An san inda za a taɓa ta, aka taɓa. Da an ce mata ba ta iya aiki ba, da ta yi dariya. Amma aka ce ba 'yar gari ba ce, a garin da kabarin ubanta yake.

Ta sa idon, iyakar iyawarta. Sai dai me za ta gani? Aikin halal da na haram duk da suna ɗaya suke shigowa, daga kwamfuta ɗaya, a ofis ɗaya, a lokacin aiki. Ta yi wa Rhoda magana, Rhoda ta ce, "Madam, abeg, ni abin da oga ya ce in buga nake bugawa." Ana cikin haka Malam Suhail ya tura ta wani taro Abuja, taron da a da sai ta yi ta roƙo kafin a bar ta ta je. Ban ce da wata manufa ya tura ta ba. Na dai faɗi abin da ya faru. Ta dawo, aka yi addu'ar arba'in, washegari da sassafe ta rufe ƙofar, ta karɓi wayar ta kulle.

Da damina ta ɗauke aka fara shirin noman rani, sai ga abin ya fito. Manomi ya je filin da yake nomawa tun zamanin ubansa, ya tarar da wani ya riga shi kafa injin ban ruwa, yana riƙe da sabuwar takarda mai ɗauke da amincewar Alhaji Umaru. Ba mutum ɗaya ba, ba biyu ba, kuma duk filayen da ke bakin ruwa ne, masu tsoka. Manoma suka cika ƙofar hukumar a kan babura, wasu da fartanyarsu a kafaɗa, har da wata tsohuwa da ta zauna a ƙasa ta ce ba za ta tashi ba sai an nuna mata wanda ya sayar da gonar marayunta. Magana ta kai sama, aka turo kwamitin bincike.

Ana gobe kwamiti zai zauna, Malam Suhail ya kira Luma ofis. Daga can gidana ta wuto, ta ba ni labari tun bai huce ba. Ya sa an kawo mata lemo, ya tambayi lafiyar mamanta, abin da bai taɓa yi ba. Sannan ya ce kwamiti zai nemi bayanin da na'ura ta ajiye, kuma ita kaɗai ce za su yarda da fassararta. Ba ya so ta goge komai, Allah ya kiyaye. Abin da yake so kawai ta ce ranakun da na'urar ta rubuta ba abin dogaro ba ne, agogonta yakan rikice idan an ɗauke wuta, don haka mai yiwuwa ne an yi sauye-sauyen nan tun Alhaji na da rai.

Ta ce, "Wato in ce Baba ne ya saci filayen."

Ya ce, "Ba wanda ya ce ki ce haka. Ki bar su su fahimta da kansu. Alhaji ya riga ya tafi, ba a kai mamaci kotu, ba a koransa daga aiki. Mu da ke raye muna da yara. Ke ma kina da kujeran da za ki rasa, don idan aka ce bayan rasuwansa aka yi, tambayan farko ita ce wa ya bar ƙofan a buɗe."

Ku ji fa. Mutumin da ya tsaya a ƙofar gidan makoki yana kumfar baki wai ba a taɓa komai na Alhaji, shi ne yanzu yake neman a ɗauki sata a rataya wa Alhaji a wuya. Sunan da ya ce ya fi ƙarfin a cire daga na'ura, bai fi ƙarfin a tsoma shi a kwata ba. Kujerar mamaci an bar ta ba a zauna ba, kofinsa na nan a goge, amma mutuncinsa an sa a faranti za a miƙa. Ban san wanda ya sauya sunayen filayen nan ba, ba zan ɗauki alhakin kowa ba, amma na san waɗanda suka riƙe masa ƙofa, na kuma san wanda ya so a binne maganar tare da Alhaji.

Na tambaye ta me za ta yi. Ta ce ai babu abin tunani, agogon na'urar lafiyarsa ƙalau, ita ta saita shi. Na ce za su cinye ta. Ta ce ta sani.

Gaban kwamiti ta bayyana komai yadda yake. Ta nuna cewa duk filin da aka sauya, bayan an binne Alhaji aka sauya shi, ta kuma nuna yadda za su tabbatar da ranakun ba sai sun yarda da bakinta ba. Suka gamsu. Sai shugaban kwamitin ya cire tabarau ya yi tambayar da aka riga aka gaya mata za a yi. Wa ke da alhakin rufe ƙofar ma'aikacin da ya rasu? Ta ce ita ce. Tana da ikon rufewa ba tare da izinin kowa ba? Ta ce tana da shi. Me ya hana? Ta ce ta nemi izini don ladabi, aka ce ta jira arba'in. A rubuce? A'a, da baki, a gidan makoki. Aka juya ga Malam Suhail, ya ce shi a ranakun nan baƙin ciki ya rufe masa ido, ba ya tuna wa ya ce masa me. Aka tambayi Rhoda wa ke amfani da wayar, ta ce aljihun teburin ba ya kulluwa, kowa na shiga ofis ɗin. Cikin duk waɗanda suka zauna a kan bencin nan suka ji da kunnensu, babu wanda ya tuna. Na ce a kira ni in ba da shaida, aka ce ni ba ma'aikaciyar hukuma ba ce.

Rahoto ya fito da kyakkyawan Turanci. An soke duk sauye-sauyen da aka yi bayan rasuwar Darakta, manoma suka koma filayensu, duk da wasu sun riga sun yi asarar shukar bana. Ba a gano wanda ya aikata ba, saboda hannaye sun yi yawa a kan ƙofa ɗaya. Mutum ɗaya tak aka samu da laifin da za a iya nunawa da yatsa: shugabar sashen tsaro, wadda ta yi sakaci da aikinta. Aka sallame ta. A irin aikinta, wanda aka kora da kalmar sakaci ya gama, babu hukuma ko banki da zai sake damƙa masa makulli. Malam Suhail kuwa takardarsa ta iso daga baya, yanzu sunansa ne a jikin ƙofar ofis ɗin Darakta. Na ji an ce ya kafa doka mai tsanani a kan rufe ƙofar duk wanda ya rasu, har an yaba masa a wani taro.

Sunan Alhaji Umaru ya fita fes, ko ƙura bai ɗauka ba. Kuma da yake bai taɓa ɓaci ba, babu wanda ya san an yi niyyar ɓata shi. Abin da gari ya sani shi ne an kori 'yar Ibon nan da ta nemi goge sunan maigidanta ranar sadakar uku, wasu har da cewa alhakinsa ne ya kama ta.

Yanzu tana tsohon shagon babanta a Sabon Gari. Ta share shi, ta sa tebur da kujeru, tana saita wa 'yan kasuwa wayoyinsu yadda 'yan damfara ba za su kwashe su ba, tana koya wa masu shaguna yadda za su tsare bayanan cinikinsu. Tana samun na abinci. Idan na fara zagin mutanen hukumar sai ta ce in bari, ai abin da aka rubuta a kanta ba ƙarya ba ne, tana da iko ba ta rufe ba. Wannan maganar tata ta fi komai ƙona mini rai, don na rasa ta inda zan ƙaryata ta.

Kwanakin baya na biya shagon bayan an tashi makaranta. Muna zaune sai ga Hajiya Naila ta fito daga layin masu atamfa, ta fita takaba, ta rame. Luma na ganinta ta miƙe ta fita da sauri, ta durƙusa a gefen titi, gwiwa har ƙasa, ta ce, "Mama, ina wuni. Ya ƙarin haƙuri?" Hajiya ta tsaya. Ta dube ta daga sama har ƙasa, ta gyara mayafinta, ta raɓa ta gefenta ta wuce kamar ta ga kwata a hanya.

Ban san lokacin da na miƙe ba. Na yi niyyar in sha gabanta a tsakiyar kasuwar nan in gaya mata wace ce ta durƙusa mata, da abin da ta bayar don kada a kira mijinta ɓarawo. Luma ta cafke wuyan hannuna tun tana durƙushe, ta riƙe da ƙarfi har sai da na ji zafi.

"Kada ki soma. Idan kika faɗa mata, sai ta san mutanen da ke zuwa gaishe ta sun so su mayar da Baba ɓarawo. Da wanne za ta ji? Bar ta ta ƙi ni, wannan ya fi mata sauƙi."

Ta tashi ta kakkaɓe gwiwarta, ta koma ciki, don akwai mai sayar da taya da ke jiran a duba masa waya. Ni kuwa na tsaya a bakin shagon ina kallon bayan Hajiya har ta shige cikin mutane.